"Core i Nawa Ce?": Cikin Kwamfuta da Abin da Ke Cin Ta a Ƙetaren Gada

A shagunan sayar da kwamfuta na Barnawa da Sabon Tasha da Kakuri, a ƙetaren gadar Kaduna, tambayar farko da mai saye ke yi kusan ɗaya ce: "Oga, Core i nawa ce?" In aka ce masa i7, sai fuskarsa ta saki a shiga ciniki. In aka ce i3, sai ya tura ta gefe ko kunnawa bai yi ba. Masu shago sun san da haka, shi ya sa 'yar alamar Intel ɗin nan da ke manne ƙasa da kibod ba ta taɓa ɓacewa, ko da sauran jikin kwamfutar ya koɗe. Tambayar ba laifi ba ce, sai dai a cikin duk tambayoyin da ya kamata a yi, ita ce mai ƙarancin amfani. Abin da ke sa kwamfuta nawa a hannun yawancinmu ba firosesa ba ne, kuma abin da ke kashe ta a wannan gari ba shi ba ne. Kafin a gane dalili sai an kwance murfin an ga waye ke yin me.

Bukatar sanin ta ƙaru. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, iyaye suka fara neman abin da yaro zai koyi dannawa a kai. Ɗaliban Kadpoly da ke harabar Barnawa, masu karatun zanen gine-gine da safiyo, ba su da aiki sai da ita. Ga shagunan buga takardu da cike fom a kowane lungu, daga Narayi zuwa Gonin Gora. Mafi yawan kwamfutocin nan kuwa na hannu ne, waɗanda ofisoshin Turai da Amurka suka gama da su, suka biyo ta Legas, galibi ta kasuwar Computer Village da ke Ikeja, kafin su hayo arewa. Mai sayen gwanjo shi ya fi kowa bukatar sanin ciki, domin babu wata takardar garanti da za ta cece shi.

A fara daga jikin bango. Wutar da ke shigowa gidajenmu a ƙa'ida bolt 230 ce, mai kai-kawo sau 50 a daƙiƙa, kuma babu sashe ko ɗaya a cikin kwamfuta da zai iya shan ta haka. Akwatin ƙarfen da ke bayan kwamfutar tebur, wanda masu gyara ke kira fawa-fak, shi ke karya ta zuwa bolt 12 da 5 da 3.3, ya kuma miƙar da ita ta riƙa tafiya hanya ɗaya. A laftof caja ce ke wannan aiki, yawanci tana fitar da bolt 19 ko kusa da haka. Daga nan ma sai an sake ragewa, don firosesa da kansa ba ya shan abin da ya wuce wajen bolt 1. Wato tsakanin soket da ƙwaƙwalwar kwamfuta an rage wuta sau ɗari biyu da wani abu, kuma dole ta isa a tsaye, ba rawa.

Wanda ya ƙera fawa-fak ya ɗauka wutar bango za ta zauna inda aka ce. Tamu ba ta zama. Wani lokaci ta zo ƙasa-ƙasa har fanka ta kasa juyawa, wani lokaci a ɗauke a dawo da ita da ƙarfi, da damina kuma tsawa ta biyo waya. Ƙaramin janareta da ba a daidaita ba shi ma yana da nasa hawa da sauka. Duk wannan kan fawa-fak da caja yake fara sauka. Mai kyau zai shanye, in abin ya fi ƙarfinsa ya mutu shi kaɗai. Na banza kuwa sai ya bar wutar ta wuce ta ƙona allon da ke bayansa, asarar dubu kaɗan ta koma ta kwamfuta ɗungurungum. Shi ya sa a ganina rowa mafi tsada ita ce a sayi laftof mai daraja a haɗa ta da cajar bakin titi wadda in ka ɗaga ta kamar babu komai a ciki. Wasu laftof ɗin Dell ma suna da wata 'yar allura a tsakiyar bakin caja da suke tantance ta da ita. In ba su gane cajar ba, sai su ƙi cika batir, su kuma rage gudun firosesa. Mai ita ya yi ta zargin bairos alhali caja ce.

Akwai kuma tarkon da ya ci kwamfutocin tebur da yawa. Tsofaffin fawa-fak suna da wani jan makunni a baya mai lamba 115 da 230. Wadda aka yi amfani da ita a Amurka tana zuwa a kan 115. In aka jona ta a nan ba a mayar da shi 230 ba, ƙara ɗaya za a ji, sai ƙauri.

Mutane kan haɗa sitabilaiza da UPS su ɗauka abu ɗaya ne. Sitabilaiza tana ɗaga wutar da ta yi ƙasa, ta sauke wadda ta yi sama, amma in an ɗauke wuta ita ma ta tafi. UPS batir gare ta, tana riƙe kwamfutar na 'yan mintoci har a adana aiki a kashe ta yadda ya dace. Laftof ba ta bukatarta muddin batirinta na da rai, don batirin shi ne UPS ɗinta. Wannan ne ya sa laftof ɗin da batirinta ya mutu, wadda ake cewa "ai tana aiki in an jona", ta fi yadda ake zato hatsari ga abin da aka ajiye a cikinta.

Babban allon da komai ke kansa shi ne madabod. Hanyoyin tagulla ne sirara, hawa-hawa a cikin allon, suna haɗa firosesa da RAM da ma'ajiya da duk ramukan da ake jona abubuwa. Tsarin girmansa da inda ramukan noti suke, wanda ake kira ATX, Intel ta fitar da shi a 1995, shi ya sa allon wani kamfani ke shiga akwatin wani. A kansa akwai ɗan guntun da ke ɗauke da shirin farko, BIOS ko sabon salonsa UEFI. Da an danna makunni, fawa-fak ya ba da alamar cewa wuta ta daidaita, firosesa ya karanta wannan shirin, ya duba ko RAM na nan, ya nemo Windows a ma'ajiya ya fara kwaso shi. Ƙarar "fif-fif" da wasu kwamfutoci ke yi fuska kuma baƙi ƙirin, daga wannan binciken take: wani abu bai amsa ba, kuma sau da yawa RAM ne ya ɗan goce daga raminsa. Akwai kuma ɗan batir mai kama da sulai, CR2032 mai bolt 3, da ke riƙe agogo. In ya ƙare, kwanan wata ya koma shekarun baya, shafukan intanet su fara ƙin buɗewa suna cewa babu tsaro. Gyaran bai wuce canza batirin ba, amma an sha goge kwamfuta gaba ɗaya saboda shi.

To, ga firosesan da ake ta tambaya. Ɗan guntun silikon ne da bai fi farce girma ba, cike da taranzisto, wato ƙananan makunnai da wuta ke kunnawa ta kashe. A kunne 1, a kashe 0. Da waɗannan biyun ake rubuta lamba da harafi da hoto da murya. Aikinsa kuwa maimaici ne: ya ɗauko umarni, ya fassara, ya aiwatar, ya ajiye sakamako, ya ɗauko na gaba. Umarnin kansu ba wasu manya ba ne, tara wannan da wancan, kwatanta su, kai wannan can. Yawa da sauri ne suka mayar da su abin mamaki. Firosesa na farko da aka sayar a guntu ɗaya, Intel 4004 na 1971, taranzisto 2,300 gare shi. M1 na Apple da ya fito a 2020 yana da biliyan 16. Kwamfutar IBM ta 1981, wadda yawancin namu suka gaji tsarinta, agogonta na bugawa sau miliyan 4.77 a daƙiƙa. Yau abin da ake rubuta wa 3GHz yana bugawa sau biliyan 3. A tsakanin bugu ɗaya da na gaba, haske kansa bai fi tafiyar santimita 10 ba.

Amma i3 da i5 da i7 ba shekaru ba ne, matsayi ne a cikin zubi ɗaya. Intel ta fara sunan Core i7 a 2008, kuma ta yi shekaru tana fitar da sabon zubi kusan kowace shekara da sunayen nan dai. Lambar da ke biye da su ita ce labarin. A i7-2620M, 2 ɗin farko na nufin zubi na biyu, na 2011, kuma cibiyoyin aiki biyu gare shi. A i5-8250U, 8 na nufin zubi na takwas, na 2017, cibiyoyinsa huɗu, ga ƙarancin shan wuta. Wanda ya ƙi wannan i5 ɗin ya ɗauki wancan i7 ɗin ya biya kuɗin suna ne ya tafi da tsohuwar na'ura. Haka kuma ake yi wa AMD kallon na baya, alhali tun da ta fito da Ryzen a 2017 ta zama abokiyar karawa ta gaske.

Ko da firosesa ya kai inda ya kai, ba ya aiki sai da abin da aka miƙo masa, kuma a nan ne matsalar yawancin kwamfutocinmu take. Mutanen Kakuri ba sa bukatar dogon bayani a kan wannan. Kamfanin Fijo da ya fara haɗa motoci a unguwar a 1975, a zamaninsa yana da sito inda akwatunan sassa daga Faransa ke jibge, yana kuma da layin da ma'aikata ke ɗaure noti. Komai gwanintar ma'aikaci, in kayan da ke gabansa sun ƙare, sai ya tsaya har a kawo daga sito. RAM shi ne kayan da ke gaban ma'aikaci, ma'ajiya ita ce sito.

Tazarar da ke tsakaninsu ta wuce yadda ake zato. Firosesa na samun abu daga RAM cikin abin da bai kai kashi ɗaya cikin miliyan goma na daƙiƙa ba. Daga had-disk kuwa sai ya jira wajen kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa, wato jiran ya ninka kusan sau dubu ɗari. Dalili shi ne had-disk inji ne mai motsi: faifai ne da ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti, da wani hannu da ke yawo a samansa ba tare da ya taɓa shi ba, yana karanta alamun maganaɗisu. Sai hannun ya isa layin, sai faifan ya juyo da wurin. Asalinsa tun 1956 ne, lokacin da IBM ta yi na farko mai girman firji biyu wanda abin da yake ɗauka bai kai hoton waya biyu na yau ba. RAM kuwa ba abin da ke motsi a cikinsa, amma da an ɗauke wuta ya manta komai. Shi ya sa wasiƙar da ba a adana ba ke tafiya da wutar.

In RAM ya cika, Windows ba ya tsayawa. Sai ya fara aron wuri a ma'ajiya yana kai-kawo da kaya tsakaninsu. Wannan ne lokacin da linzami ke daskarewa, 'yar fitilar had-disk ta tsaya a kunne, mai kwamfuta ya ce "ta yi hangin". Giga 4 a yau, da an buɗe Chrome da shafuka kaɗan da Word, ya cika. Giga 8 shi ne mafi ƙarancin abin da zan ba wani shawara, mai zanen gini kuma ya nemi 16. Sai dai a kula, RAM iri-iri ne: DDR3 da DDR4 da DDR5 ba sa shiga ramin juna, tsagar da ke ƙasansu ma ba a wuri ɗaya take ba. Wasu siraran laftof kuma an liƙe musu shi a jikin allo, ba a ƙarawa. A tambaya kafin a biya.

SSD ce ta sauya wannan lissafi. Ba faifai, ba hannu, guntaye ne masu riƙe caji ko babu wuta. Had-disk ɗin laftof na karanta wajen mega 100 a daƙiƙa, SSD ta talakawa mai jonin SATA na kaiwa 550, irin NVMe mai kama da ɗan tsinken cingam kuma 3,000 zuwa sama. Amma ba wannan ne ma babban bambancin ba. Rashin jiran juyawar faifai ne. In da za a ba ni zaɓin gyara ɗaya tak ga tsohuwar kwamfuta, cire had-disk a sa SSD zan zaɓa. Na'urar da ke cin mintoci kafin ta tashi sai ta koma daƙiƙoƙi, da firosesan nan dai da ake zargi. Ga wanda ke ratsa hanyar Kachia a Keke Napep da laftof a jaka akwai ƙarin riba, don girgiza da faɗuwa su ne ajalin had-disk, SSD kuwa ba ta damu da su ba. Aibinta shi ne, in ta tashi mutuwa ba ta cika yin ƙarar gargaɗi irin ta had-disk ba, kuma ciro abin da ke cikinta ya fi wuya. Furojet ɗin ƙarshen karatu da hotunan biki su kasance suna da kwafi a wani wurin.

Duk wutar da ta shiga kwamfuta a ƙarshe zafi take zama, kuma dole ya fita. A kan firosesa ana shafa wani mai mai toka-toka, a ɗora ƙarfen tagulla ko alminiyam mai haƙarƙari, fanka ta hura iska ta cikinsa. In zafi ya kusa digiri 100, firosesa da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone. In abin ya ci gaba, ya kashe kwamfutar. An tsara wannan sanyayawar ne da tunanin ofis mai iyakwandishan. A shagon kwano a unguwar Television ko Unguwar Romi cikin watan Maris da Afrilu, iskar da fankar ke jawowa ita kanta da zafinta take shiga. Kafin nan kuma hunturu ya riga ya yi nasa aikin: daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙura na shiga ta ramukan iska, ta haɗu da zaren tufafi ta zama wani kauri kamar auduga a bakin haƙarƙarin ƙarfen. Fanka ta yi ta ihu, iska ba ta wucewa. Don haka kwamfutar da ke tafiya lafiya da safe ta fara nawa da azahar, ko wadda ke mutuwa in an buɗe babban aiki, ba sabon Windows take so ba. A buɗe ta, a hure ƙurar, a canza man da ya bushe. Ƙarshen hunturu, kafin zafi ya kankama, shi ne lokacin da ya fi dacewa. A daina kuma ɗora laftof a kan katifa ko darduma, ramukan iskarta a ƙasa suke.

Hunturu na da wata illar ga mai buɗe kwamfuta. Busasshiyar iska na sa jiki ya tara wutar nan da ke ɗan fizgar mutum in ya taɓa ƙofar mota. Wadda ba ka ma ji ba ta isa ta lalata RAM. Mai gyaran kirki yakan cire wuta da batir, ya taɓa ƙarfen akwatin, ya riƙe guntun ta gefe-gefe.

Katin hoto ba kowa ke bukatarsa ba. Yawancin firosesa suna da nasu sashen zana hoto a ciki, kuma ya ishi rubutu da kallo da jarrabawa. Mai haɗa bidiyo, da mai zanen gini mai fuska uku, da mai wasanni, su ne za su nemi na daban irin na Nvidia ko AMD, wanda ke da ƙananan cibiyoyi ɗaruruwa ko dubbai masu yin lissafi iri ɗaya a tare. Farashinsa ba a kuɗi kawai yake ba, yana ƙara zafi da shan batir.

Sunan da ke bayan murfi, HP ko Dell ko Lenovo, ba shi ya ƙera waɗannan sassan ba. Firosesa galibi na Intel ne ko AMD, kuma na AMD da na Apple kamfanin TSMC na Taiwan ke buga su. Kusan duk RAM ɗin duniya daga kamfanoni uku yake fitowa: Samsung da SK Hynix na Koriya ta Kudu, da Micron na Amurka. Zinox da ya fito da kwamfuta mai sunan Najeriya a 2001 shi ma haɗawa yake yi, kuma wannan ba abin kunya ba ne, haka manyan ke yi. Hannunmu a ciki tun can ƙasa yake: dalmar da ke liƙe kowane guntu a jikin allo yawancinta kuza ce, ma'adinin da aka shafe shekaru ana haƙa a tsaunukan Jos ana fita da shi ɗanye. Abin da zuwan sassan daga waje ke nufi ga mai saye a Kaduna shi ne farashin RAM da SSD yana bin dala da bukatar manyan kamfanonin waje, ba son ran mai shago kaɗai ba.

Akwai sabon dalili kuma na duba lambar zubi. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Windows 11 kuwa a hukumance yana neman firosesa, in na Intel ne, daga zubi na takwas zuwa sama, da wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0. Ofisoshin waje da ke sauya na'urori saboda wannan ba zubar da tsofaffin za su yi a teku ba. Kasuwanni irin namu za su nufo da su, da alamar i7 ɗinsu tana ƙyalli. Ba wai sun zama shara ba. Zubi na shida ko na bakwai mai SSD da giga 8 zai yi buga takardu da koyon jarrabawa sarai, kuma Linux irin su Ubuntu da Mint na tafiya a kansu ba wani sharaɗi. Amma a saye su a farashin abin da suke.

Dubawar ba ta da wuya, kuma mai shagon da ya yarda da kayansa ba zai hana ba. A kunna kwamfutar, a danna Ctrl da Shift da Esc tare, a shiga shafin da ke nuna aikin sassa: cikakken sunan firosesa na nan da lambarsa, yawan RAM da ramuka nawa aka cike, da ko ma'ajiyar SSD ce ko had-disk. A cire caja a ga ko batirin zai riƙe. A bar bidiyo yana tafiya na ɗan lokaci, a sa hannu a bakin ramin iska: in fanka na kuka amma iskar da ke fita ba ta da ƙarfi, a cire kuɗin wanki daga farashin.